Ɗakin da Baba ya ɗora a Jarwal

Ranar da aka kira ƙanwata a waya ba a kira ni ba, wallahi ko abincin rana ban iya ci ba. Ita da bakinta ta faɗa mini, tana ta murna, wai masu kula da tsofaffin gine-gine sun sa gidan da muka tashi a unguwar Jarwal ta Makka cikin rajistar gidajen tarihi. Ba za a rushe shi ba kamar yadda aka share na kewaye da shi, kuma suna neman wanda ya san gidan ya zagaya da su, don su gano shekarun kowane hawa su rubuta bayaninsa. Jikan mai gidan ne ya ba su lambarta. Lambarta fa! Ni da na yi shekara talatin da ɗoriya a gidan nan, ina zaune a unguwar Mansur da wayata a cinya, ba wanda ya tuna ina raye.

Gidan ba namu ba ne, kar wani ya ɗauka gado muke rigima a kai. Na wasu Larabawan Makka ne masu saukar alhazai tun kaka da kakanni. Babanmu magini ne, ya zo daga wajen Kano ta ƙasa, ya yi aikin hajji ya zauna. Innarmu ita ke musu girki da wanki. Aka ba mu ɗaki ɗaya a ƙasa, bayan zaure, kusa da tankin ruwa, a nan aka haife ni, a nan aka haifi Auta bayan shekara bakwai. Hawa huɗu ne na baƙin dutsen Makka, da matakala siririya mai juyawa, da roshan, wato tagogin nan na katako da ke turo ciki waje su leƙo titi, mai zama a ciki yana ganin kowa ba mai ganinsa. Ni na goge katakon roshan ɗin nan da mai har sai da hannuna ya san kowace huda da ke jikinsa.

Auta kuwa makaranta aka sa ta. Ta yi karatu, ta zama malama, ta yi aure a unguwar Aziziyya tana da shekara ashirin, ta tafi. Larabcinta irin na masu karanta labarai ne. Nawa na kasuwa ne da kicin, da shi na tsufa. Ni ko da na yi aure ban bar gidan ba, mijina ne ya tare wurina, na ci gaba daga inda Inna ta tsaya har tsohuwar gidan, matar mai gidan, ta rasu aka kulle shi. To a ce cikin mu biyu wa ya san gidan?

Na dai danne zuciyata na ce, "Allah ya sanya alheri."

Ta ce, "Yaya, ai tare za mu je. Amma akwai magana ɗaya. Sun ce za su mayar da gidan yadda yake tun asali. Duk abin da aka ƙara daga baya, sauke shi za su yi. Don Allah idan an hau ɗakin sama, kar ki ce komai."

Na gane abin da take nufi sarai, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Ɗakin saman nan Baba ne ya gina shi, ina 'yar shekara tara. Idan suka ɗauka tare aka yi shi da gidan, ya tsira. Idan suka gane na baya ne, ya tafi. Magana ce a fili, ko yaro zai fahimta. Amma abin da kunnena ya fi riƙewa shi ne "kar ki ce komai". Yarinyar da na goya a bayana ita ce yau take tsara mini inda zan buɗe baki da inda zan rufe.

Bari in faɗi yadda aka yi ɗakin ya samu. A da, idan lokacin hajji ya zo, masu gida a Makka kan ba alhazai kowane lungu, su kuma su tattara su koma can sama. Mu ma ɗakinmu na ƙasa ba ya tsira, sai a zuba mutum takwas a ciki, mu mu hau rufin gida da tabarmi da tukwane, a kafa mana rumfar buhu. Shekarar da Inna ta yi ciwon ƙirji, rana ta buge ta a rufin nan har muka fitar da rai. Bayan alhazai sun watse Baba ya je ya durƙusa gaban mai gidan, ya roƙi a bar shi ya ɗora ɗaki ɗaya a kusurwar rufin. Aka ce ya yi, amma da ƙarfinsa. Ba shi da halin siminti. Wani tsohon gida ne ya faɗi a bayan layinmu, daga can ya riƙa kwaso duwatsu da ka, ya samo tsohuwar ƙofa da tsofaffin ƙusoshi, ya kwaɓa ƙasa da farar ƙasa irin ta mutanen da. Ni ce mai miƙa masa ruwa. Shi ya sa duk wanda ya kalli ɗakin zai rantse sa'an gidan ne.

Kwana uku muka yi muna zuwa da safe. Shugabar aikin wata muhandisa ce, wato injiniya, yarinya ƙarama mai fara'a, da mutanenta masu awo da ɗaukar hoto. Ba ni da abin da zan ce ta yi mini na rashin kirki, kuma wannan ma ya ƙara mini haushi. Tun a zaure ta riƙe hannun Auta tana ce mata Ustaza, wato malama. Ni kuwa ta sumbaci kaina, ta kira ni Hala, wato gwaggo, ta ce, "Hala, ki zauna ki huta, matakalar nan da wuya." Har kujera aka kawo mini. Matakalar da na hau da tulu a ka ina da cikin wata takwas! Na ce mata na gode, ƙafata ƙalau take.

Aikinsu ya burge ni, ba zan hana su haƙƙinsu ba. Akwai tsohuwar takardar mallaka da ta nuna gidan ya haura shekara ɗari da yawa, amma ba ta faɗi hawa nawa ne ba, don haka kowane hawa sai sun bi shi da ido. Muhandisa takan tsaya gaban bango ta duba ko duwatsun kusurwa sun sarƙe da juna ko jingina su aka yi. Takan zaro ƙusa ta ga ta maƙeri ce ko ta kamfani. Takan ɗan kankare shafe ta murza a yatsa ta sansana. A hawa na biyu ta nuna mana cewa roshan ɗin gabas ya girmi na arewa, don zanen furen da ke jikinsa da hannu aka sassaƙa, babu biyu da suka yi daidai. Shekara nawa ina goge su ban taɓa lura ba. Na ji kunya, na kuma ji haushin kunyar.

Duk tambayar da za ta yi kuwa, Auta take kallo. Ga 'yar na'urar ɗaukar magana an saita ta a bakin Auta. Ita kuma ta gyara gilashi ta riƙa zubo bayani kamar tana gaban allo. Ta ce ramin da ke ƙarƙashin matakala ma'ajiyar hatsi ce. Hatsi a ina? Gawayi ake zubawa, har yau bangon baƙi ne. Ta ce ɗakin da ke hawa na uku na baƙi ne, alhali nan tsohuwar gidan ta yi jinyar shekara shida ina juya ta. Na yi gyaran murya, Auta ta waiwayo ta ce, "Ko ba haka ba, Yaya?" Ta faɗa da Hausa, a gurguje, ta koma Larabcinta kafin in haɗa amsa. Idan na ce wani abu, sai ta fassara shi a gajarce, ya fito kamar nata.

Kishi nake yi, ba wani suna da zan sa masa. Ba na son yadda suke dariya tare. Ba na son yadda muhandisa ke rubuta duk abin da ta faɗa. Har jakar hannunta da takalminta sai da suka ba ni haushi. Idan na koma gida sai in zauna in riƙa jero wa 'yata kurakuran da Auta ta yi, ɗaya bayan ɗaya, har yarinyar ta ce, "Umma, to ke me ya hana ki faɗa musu?" Na ce an ce in yi shiru. Ta ce, "A kan ɗaki ɗaya aka ce ki yi shiru." Na ce ta tashi ta ba ni wuri.

A rana ta uku aka hau sama. Na riga kowa isa, ina haki amma ban bari an gani ba. Ɗakin na nan yadda na bar shi, ƙarami, da taga ɗaya mai kallon duwatsu, sai ƙura da kashin tattabaru. A nan Inna ta warke, a nan kuma ta rasu bayan shekaru. Na tsaya a bakin ƙofa, na ce a raina ba zan ce uffan ba, Auta ta yi gaskiya.

Muhandisa ta duba duwatsu, tsofaffi. Ta duba ƙusoshin ƙofa, na maƙeri. Ta murza shafe, babu siminti. Sai ta ɗaga kai ta kalli rufi, ta kira mai hoto da sauri. Baba bai jera itacen rufin a miƙe daga bango zuwa bango kamar na sauran ɗakunan ba. Itacen dabinon da ya samu gajeru ne, sai ya yi irin na garinsu. Ya fara gicciya su a kusurwa huɗu, ya ɗora wasu a kansu, ramin yana ƙanƙancewa har ya rufe a tsakiya. Ta ce ba ta taɓa ganin irinsa a gidajen Makka ba. Ta ce wataƙila wani salo ne na magina na da wanda ya ɓace, kuma idan haka ne, ɗakin nan shi ne abu mafi daraja a gidan. Ta juya ta tambayi Auta ko ta san lokacin da aka yi shi.

Auta ta ce, "Ni dai tun da na yi wayo nake ganinsa haka."

Ba ta yi ƙarya ba, ka ga wayon 'yan makaranta. Muhandisa ta ce to za ta rubuta shi cikin ginin asali, sai in an samu abin da ya saɓa. Shi ke nan fa, ɗaki ya tsira, saura mu sauka. Sai ta kama hannun Auta da hannu biyu ta ce, "Ustaza, ba don ke ba da ba mu san gidan nan ba. A littafin da za mu buga, da allon da za a kafa a zaure, sunanki zai fito. Ke ce ƙwaƙwalwar gidan nan."

Ban san lokacin da na ce, "Ƙwaƙwalwar wa?" ba.

Da Larabcina na kicin na faɗa, da ƙarfi, har mai hoto ya sauke kyamara. Na ce wannan da kuke gani ana goye da ita aka yi ɗakin nan. Na ce ba wani magini na da, ubana ne, Bahaushe, da hannunsa, ni na miƙa masa ruwa. Auta ta ce, "Yaya." A hankali ta faɗa, sau ɗaya. Na ji ta sarai. Na ce, "Ke rufe mini baki, Auta, kwana uku kina magana."

Muhandisa ta ce, cikin ladabi, tsofaffi kan haɗa gyara da gini, wataƙila gyara mahaifina ya yi. Kai! Wannan ce ta ƙarasa ni. Wato ma ruɗewa na yi. Na ce a matso mini da tsanin masu awo. Suka ce Hala a'a, za ki faɗi. Na ce idan na faɗi ƙafata ce. Na tattare abayata na hau taki uku, rufin ba shi da tsawo. A tsakiya, inda itatuwan suka haɗu, akwai wani ɗan kumburi da farar ƙasa ta rufe, shafe a kan shafe. Na ciro makullin gidana na kankare. Farar ƙasa ta zubo mini a fuska, sai ga ja da shuɗi sun bayyana.

Faranti ne na tangaran ɗin ƙarfe, mai furanni, irin na kamfani da ake sayarwa a kasuwa muna yara. Maginan garinsu Baba idan sun gama rufin ɗaki mai kyau sukan manna faranti a tsakiya, ado ne kuma alamar an kammala. Baba ya ɗauki ɗaya daga cikin shida na jeren Inna, har ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Na ce musu ba a manna shi daga baya ba, ku duba, bakinsa yana ƙarƙashin itace, tare aka ɗaure su. Na ce sauran biyar suna kabad ɗina a Mansur, da tambarin kamfani a bayansu, in kuna so gobe in kawo.

Muhandisa ta hau ta haska da fitilar waya, ta daɗe tana dubawa. Da ta sauko, sai ta ɗauki na'urar nan ta juyo da ita wajena.

Allah na gani, daɗi na ji. Wani irin daɗi tun daga tafin ƙafata. Na zauna a kan tsanin na yi magana ta fi ta awa guda. Na faɗi gidan da ya faɗi aka kwaso duwatsunsa, na faɗi gawayin ƙarƙashin matakala, na faɗi ɗakin jinya, na faɗi shekarar da aka canza bututun tanki da wanda ya canza. Ba wanda ya fassara ni, kuma sun gane. Suna ta rubutu da sauri. Muhandisa ta ce, "Hala, ina kika shige tun shekaranjiya?" Na ce ina kan kujerar da kika ba ni. Aka yi dariya, da ni aka yi wannan karon. Sau ɗaya na kalli wajen Auta. Tana tsaye jikin taga ta ba mu baya, tana shafa bangon da tafin hannu.

A mota Auta tana tuƙi, idonta a kan titi, har muka fita daga Jarwal. Ni ce na kasa haƙuri, don ina son ta yi faɗa in samu abin ramawa. Na ce, "Ai gara a san aikin Baba ne, da a ba wani can da ba a san shi ba."

Ta ce, "Haka ne, Yaya."

Na ce, "Kuma sun ji daɗin rufin, ba za su taɓa shi ba."

Muka tsaya a danja. Sannan ta ce, "Ke kina da gidan duka. Kowane ɗaki kina da abin da za ki tuna. Ni ban san komai a gidan nan ba, kin gani ai, kame-kame nake yi. Ɗakin nan kaɗai na sani. A nan Inna take yi mini kitso." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ta sauke ni a ƙofar gida ta ce in gaida yara.

Na yi wata biyu ina gaya wa kaina ba za su sauke shi ba. Na kai musu farantan nan biyar aka ɗauki hotonsu. Aka kira ni sau huɗu ana tambayata abubuwa, kowane kira sai na tabbatar Auta ta ji labarinsa ta bakin 'yata. Ita kuma ba a sake nemanta ba. Muhandisa ta gaya mini da kanta cewa ta yi ƙoƙari a zaman da suka yi, ta ce musu ɗakin ma tarihi ne. Amma ƙa'idarsu ita ce a koma ga asali, ga shi kuma nauyinsa ya fara tsaga tsohon bangon da ke ƙarƙashinsa. Da na asali ne da sun ɗaure shi da ƙarfe ko nawa zai ci. Tunda ƙari ne, za a ɗauki hotonsa, a zana shi a littafi, a sauke.

Wata safiya muhandisa ta sake kira. Ta ce ma'aikata sun zo, amma akwai matsala. Baba ya sarƙe duwatsunsa da na tsohuwar katangar rufin sosai, duk iri ɗaya ne, sun kasa gane inda tsohon gini ya ƙare nasa ya fara, kuma suna tsoron su ci na asali. Ta ce, "Hala, ba wanda ya sani sai ke. Za ki zo ki nuna mana?"

Na kira Auta na ce ta raka ni. Ta ce tana da baƙi.

Na je ni kaɗai a tasi. Na hau matakalar, wannan karon sai da na huta sau biyu. Ma'aikata huɗu suna tsaye da guduma suna jirana, suka gaishe ni da girmamawa, aka buɗe mini hanya. Muhandisa ta miƙo mini alli. Na san wurin, ko ido rufe zan nuna shi, don a nan nake tsayawa da gwangwanin ruwa. Na dafa bangon na ja layi tun daga kusurwar gabas har bakin ƙofa, hannuna bai karkace ko sau ɗaya ba. Babban cikinsu ya duba ya ce, "Daga nan zuwa sama, Hajiya?"

Na ce, "Daga nan zuwa sama."